Laftof ɗinka yau ta kawo hoto gobe baƙin sikirin: yadda zaka kamo bakin zaren kafin a maka fomat

Wannan matsalar wallahi ta fi wadda kwamfuta ta mutu gaba ɗaya cin rai. Ka danna madannin kunnawa, fanka ta tashi, 'yar fitila ta kama, wani sa'in har tambarin HP ko Dell ya fito ya wuce, daga nan shiru, baƙi ƙirin, ko ka ga wani ɗan farin layi yana ƙifta ido a kusurwar hagu ta sama. Ka kashe ka sake kunnawa ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Kuma ranar da ka ɗauke ta ka shiga adaidaita har Farm Centre, kasuwar waya da kwamfuta ta Kano, ranar ce zata yi ta tashi a jere ba gargada, mai gyara ya kalle ka yace oga ai lafiyarta ƙalau, ko yace a canja sikirin, ko ayi mata fomat, don abu biyun nan sun fi sauƙin faɗa.

Kada ka yarda da ko ɗaya tukunna. Kwamfuta bata da ranar ɓacin rai, in tana tashi wani lokaci tana ƙi wani lokaci to akwai abin da ya bambanta tashin da yayi kyau da wanda bai yi ba, aikinka kawai ka gano shi. Amma kafin komai ka kwashe fayilolinka zuwa filas ko wani hardis na waje a ranar da ta tashi, musamman ɗalibai masu furojet a ciki.

Mataki na farko: biro da takarda

Na san abin zai baka dariya, amma shi ne rabin gyaran. Duk sanda ka kunna ka rubuta ta kawo ko bata kawo ba, sannan ka rubuta halin da take ciki: a caja take ko a batir, da Shut down ka kashe ta ko Restart kayi ko murfi kawai ka rufe, da sanyin safiya ne ko bayan ta sha aiki tayi zafi, akwai filas ko waya ko kebul ɗin HDMI a jikinta, wutar gari ce ko ta inji. Mafi muhimmanci ka rubuta a INA take tsayawa, domin wuri uku ne: ko tambarin kamfani ma baya fitowa, ko ya fito sannan hoto ya ɗauke, ko sai ka sa faswod ka shiga sannan komai yayi baƙi ya bar maka kibiyar maus kaɗai. Na farko yawanci ƙarfe ne, wato kayan cikinta. Na biyu da na uku galibi direban hoto ne, wato manhajar da ke tuƙa katin hoto, ko manhajar da ke buɗe maka fuskar shiga, kuma waɗannan ba sisin da zaka kashe.

Mataki na biyu: ranar da tayi baƙi kada ka yi saurin danne fawa

Mutane da zarar sun ga baƙi sai su danne madanni su kashe, alhali a lokacin ne shaida take hannunka. Danna Caps Lock ka duba 'yar fitilarsa. In tana kamawa tana mutuwa yadda kake dannawa, kwamfutar a raye take, hoto ne kawai bai iso ba. In ita da kanta take ƙiftawa ba ka taɓa ba, ƙirga sau nawa take yi kafin ta ɗan tsaya ka rubuta, a HP wannan ƙiftawar saƙo ne na abin da ya lalace, a Linux kuma tana iya nufin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya faɗi gaba ɗaya.

Sai ka kunna tocilan wayarka ka manna ta kusa da sikirin ta gefe, a ɗaki mai ɗan duhu. In ka hango hoto dishi-dishi a ciki, rubutu ko akwatin faswod, to hoto yana zuwa, fitilar bayan gilas ce bata kama ba. Danna madannin ƙara haske tukun don wani sa'in hasken ne ya sauka ƙasa sosai, sannan ka buɗe murfin ka rufe a hankali kana kallo. In hoto yana zuwa yana tafiya daidai da motsin murfi, fleks ne, wato siririyar wayar nan da ta bi ta cikin hinji daga bod, babban allon cikin kwamfutar, zuwa sikirin, mai fin 30 ko 40 a yawancin na yanzu. Tana sassautawa ko ta ciccije, musamman a London yus ɗin nan da muke saye waɗanda hinjinsu yayi tauri, da masu ɗaga laftof ta murfi da hannu ɗaya.

Daga nan haɗa ta da talabijin ta HDMI. A Windows ka danna madannin Windows da P, kibiyar ƙasa, sannan Enter, ka maimaita in bai fito ba. Hoto ya fito a talabijin amma babu a laftof, matsalar tana tsakanin fleks da gilas. Babu a duka biyun, koma kan direba, RAM ko bod. Masu Dell kuna da gata: kashe ta, danne harafin D sannan ka danna fawa, sikirin zai yi ta canja launi ja, kore, shuɗi, fari shi kaɗai ba ruwansa da Windows. In launukan sun fito tas a ranar da take ƙi, duk wanda yace maka gilas ne ka riƙe kuɗinka.

In ko tambari baya fitowa

Cire caja, cire batir in mai cirewa ne, cire duk abin da ke maƙale, ka danne fawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja kaɗai ka kunna. In hakan na tayar da ita kullum, ka gwada wata caja ta asali mai daidai da wat ɗin da aka rubuta a gindin laftof ɗin, cajojin nan marasa nauyi suna sa kwamfuta halin da ba a gane kansa. Na biyu RAM: buɗe bayanta, zare shi, goge haƙoransa masu ruwan zinare da busasshen tsumma mai laushi, ka mayar har sai ƙugiyoyin gefe sun ce ƙas. In biyu ne ka gwada ɗaya-ɗaya a kowane rami. Ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu ba inda bata shiga, kuma RAM da bai zauna daidai ba shi ne sarkin "wani lokaci". In kuma agogon kwamfutar na komawa baya duk sanda ta kwana, ɗan zagayayyen batirin bod ne ya ƙare, yawanci CR2032, canjinsa ba tsada.

In takardarka ta nuna sai tayi zafi take ƙi, irin zafin Afrilu da muke haura digiri 40, a buɗe a share fanka a canja man da ke kan furosesa. Amma in an ce za a gasa cif ɗin hoto da bulowa mai hura iska mai zafi, ka sani ba gyara bane, jinkiri ne, tana iya dawowa na ɗan lokaci ta sake tafiya.

In tambari ya fito sannan ta ɗauke, kuma Windows ce

Tana cikin baƙin ka danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Zaka ji ɗan ƙara sikirin ya girgiza, wannan yana sake tayar da direban hoto ne. In hoto ya dawo ka kama ɓarawonka. In kibiyar maus kawai kake gani, danna Ctrl da Shift da Esc, a Task Manager ka zaɓi Run new task ka rubuta explorer.exe.

Yanzu koma takardarka. In bayan Shut down take ƙi amma bata taɓa ƙi bayan Restart ba, kusan kullum Fast Startup ne. Tun Windows 8 ta shekarar 2012 in ka danna Shut down ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana naɗe kanel da direbobi ta ajiye a hardis ta warware su gobe don ta tashi da sauri, to wani direban hoton baya farkawa daidai daga wannan naɗin. Restart kuwa daga tushe yake farawa. Kashe shi: Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup, ka adana. Masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ku ma dole ku kashe shi.

Bai warke ba? A wajen bincike rubuta reliability ka buɗe View reliability history, zaka ga jajayen alamu rana-rana, ka daidaita su da ranakun takardarka. LiveKernelEvent mai lamba 141 ko 117 na nufin katin hoto ya daina amsawa, haka ma lamba 4101 a Event Viewer. Sai ka shiga Device Manager, Display adapters, ka duba ranar direban. In matsalar ta fara ne bayan ofdet ka danna Roll Back Driver. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter to ba a ma sa mata direban gaske ba. Je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ka sa lambar samfurinta ka sauke nasu, ka rabu da tarin direbobin nan na cikin filas da ake watsa wa kowace kwamfuta bayan fomat. Masu katin hoto biyu, Intel da Nvidia, kada ku manta da na Intel, a yawancinsu gilas ɗin laftof ta hannunsa yake karɓar hoto ko da Nvidia ne ya zana. In tsohon direba ya ƙi fita, shiga Safe Mode ta hanyar danne Shift kana danna Restart, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, lamba 4, ka wanke shi da DDU, wato Display Driver Uninstaller, manhajar cire direban hoto, sannan ka sa sabo.

Masu Ubuntu, Mint da Kali, ku matso

A nan matsalar ta fi daɗin kamawa, don Linux bata ɓoye komai. Tana cikin baƙin danna Ctrl da Alt da F3, wasu laftof sai ka haɗa da Fn. In rubutu fari ya fito yana neman login, Alhamdulillah, gilas lafiya, fleks lafiya, kanel lafiya. Sa sunanka da faswod, ba zaka ga komai ba kana rubuta faswod ɗin, haka yake. Fara da wannan:

df -h

Duba layin da ya ƙare da / kaɗai. In 100% ne ko dab da haka, ba wani direba, wuri ne ya cika har manhajar shiga ta rasa inda zata rubuta 'yan fayilolinta. Share finafinai da tsofaffin ISO, kayi sudo apt clean, ka sake kunnawa. In akwai wuri sai ka rubuta:

sudo systemctl restart display-manager

In fuskar shiga ta fito nan take, to saurara da kyau, don wannan ita ce wadda ta fi ruɗa mutane. Lokacin tashi Linux bata jera ayyuka ɗaya bayan ɗaya, da yawa take saki tare. Manhajar da ke kawo fuskar shiga, GDM a Ubuntu, LightDM a Mint da Kali ta Xfce, SDDM a KDE, tana buƙatar direban hoto ya riga ta shiryawa. Kamar mai shayi ne da mai kawo masa biredi, wata safiyar biredi ya riga shi isa tebur komai ya tafi daidai, wata safiyar shi ya riga biredi kwastoma ya zo ya juya. Bambancin bai kai daƙiƙa ɗaya ba shi yasa yau a dace gobe a rasa, kuma shi yasa mutane da yawa suke cewa abin ya fara ne bayan sun cire tsohon hardis sun sa SSD, kwamfutar ce tayi saurin da ta wuce direbanta. Da ka sake tayar da manhajar da hannu direba ya riga ya iso, sai ta kawo.

Kada dai ka tsaya a zato, karanta rajista. Rubuta journalctl --list-boots ka ga jerin tashin da aka ajiye. In ɗaya tal ka gani, yi sudo mkdir -p /var/log/journal ka sake kunnawa don ta fara ajiya. In ka riga ka kashe ka kunna, tashin da ya lalace shi ne na baya, ga yadda zaka gan shi:

journalctl -b -1 -p err

Sannan ga saƙonnin direban hoto kaɗai:

journalctl -b -1 -k | grep -i -E "drm|i915|amdgpu|nvidia|nouveau"

In Xorg kake amfani da shi, wato tsohuwar manhajar da ke nuna hoton fuskar Linux, duba /var/log/Xorg.0.log, na tashin baya kuma sunansa Xorg.0.log.old, a GDM yakan koma cikin .local/share/xorg a foldarka ta home. Layukan da ke da EE su ne kurakurai. Ganin no screens found, ko ƙorafin ba a sami /dev/dri/card0 ba, tare da lokacin da ya nuna manhajar shiga ta tashi kafin layin direba ya bayyana, ya tabbatar da tseren nan. Ɗauki hoton rajistar tashi mai kyau da ta marar kyau da wayarka ka jera su, inda suka rabu nan ne ciwon.

Maganin shi ne a sa direba ya shigo tun da wuri. Fara sanin wanne ne naka:

lspci -k | grep -A3 -E "VGA|3D"

Layin Kernel driver in use zai faɗa maka, i915 na Intel, amdgpu ko radeon na AMD, nvidia ko nouveau na Nvidia. A Ubuntu, Mint, Kali da Debian buɗe fayil da sudo nano /etc/initramfs-tools/modules ka rubuta sunan direban a layi na ƙarshe shi kaɗai. In nvidia ne layi huɗu zaka sa: nvidia, nvidia_modeset, nvidia_uvm, nvidia_drm. Adana da Ctrl da O, fita da Ctrl da X, sannan sudo update-initramfs -u, ka sake kunnawa. Masu Arch a MODULES na /etc/mkinitcpio.conf zaku sa sannan mkinitcpio -P. Masu LightDM akwai gajeriyar hanya, ni ita nake fara ba mutum: a /etc/lightdm/lightdm.conf ƙarƙashin sashen LightDM ka sa logind-check-graphical=true, ma'ana ta jira sai katin hoto ya shirya kafin ta buɗe.

In ko Ctrl da Alt da F3 bai kawo komai ba, sai ta GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi. Kana kunnawa ka riƙa danna Esc, a tsofaffin kwamfutoci danne Shift, in jeri ya fito danna e, nemo layin da ya fara da linux, goge quiet splash don ka ga rubutun tashi da inda yake maƙalewa, ka sa nomodeset a wurin, danna F10. In da nomodeset bata taɓa ƙi ba to direba ne ba tantama. Amma gwaji ne fa ba gyara ba, ina ganin mutane suna mayar da shi na dindindin sannan su zo suna kukan haske baya raguwa, HDMI baya aiki, hoto ya kumbura. A wannan jerin dai akwai Advanced options, zaɓi kanel na baya, in shi yana tashi kullum to sabon ne bai jitu da katinka ba, zauna a tsohon har wani ofdet ya fito.

Nvidia tana da nata rigimar daban. Bayan kowane sabon kanel sai an sake gina direbanta, dkms status zai nuna maka ko an gina wa kanel ɗin da uname -r ya faɗa. Duba kuma mokutil --sb-state, in Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da ake lodawa lokacin tashi, a kunne yake kuma direban ba shi da sa hannu, kanel zai ƙi karɓarsa. A Ubuntu sudo ubuntu-drivers install yana zaɓo wanda ya dace, ya fi ka sauko da fayil ɗin .run ka dasa da hannu nesa ba kusa ba. Ƙara nvidia-drm.modeset=1 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT cikin /etc/default/grub sannan sudo update-grub shi ma yana taimakawa. A Ubuntu 22.04 da 24.04 in kana zargin Wayland, sabuwar da ke maye gurbin Xorg, buɗe /etc/gdm3/custom.conf ka cire alamar # da ke gaban WaylandEnable=false, zata koma Xorg. In kuma faswod kake sawa ta yi baƙi ta dawo da kai wajen faswod, duba ls -l ~/.Xauthority, in root ne mai shi ka karɓo abinka da sudo chown $USER:$USER ~/.Xauthority.

Yadda zaka san ta warke da gaske

Abu ɗaya zaka canja a lokaci guda, ka rubuta shi a takardar nan, ka gwada, in bai yi ba ka mayar yadda yake kafin ka taɓa na gaba. In ka canja biyar tare ta warke baka san wanne bane, in ta ƙara lalacewa ma baka sani ba. Kuma tashi uku lafiya ba shaida bane. Lissafa da kanka: in dama sau ɗaya cikin biyar take ƙi, yiwuwar ta tashi sau uku a jere ba tare da an gyara komai ba ya kai kusan kashi 51 cikin ɗari, amma sau 20 a jere bai kai kashi 2 ba. Don haka kashe ta gaba ɗaya ka kunna kamar sau 20, a irin halin da takardarka ta nuna tana ƙi, in a batir ne a batir, in da sanyin asuba ne to sai ka haƙura ka raba gwajin kwana-kwana.

In duk ka bi ta nan alamu suka nuna fleks, fitilar gilas ko bod, sai a tafi wajen injiniya, Farm Centre ko Beirut Road duk wanda ya fi maka kusa. Tafi da takardarka da bidiyon da ka ɗauka ranar da ta ƙi, ka ce masa malam hoto na fita ta HDMI, tocila na nuna rubutu a ciki, kuma in na motsa murfi yana dawowa, don Allah a fara duba fleks. Ka roƙi a gwada wani fleks ko wani gilas a gabanka kafin ka biya, in an canja wani abu a baka tsohon a leda, kuma ku yi magana tun farko a kan kwana nawa zaka iya dawowa da ita in ta sake.